Taga Da Baƙar Leda: Haske Nawa Ke Shiga Ɗakinmu?

Wata rana da la'asar muka je duba wani aji na manya a wani ƙauye na bakin ruwa. Wani mai hali ne ya ba da aron sabon ɗakinsa domin a riƙa karatu a ciki. Ɗakin na bulo ne, da rufin kwano, da tagogi biyu na gilashi. Da muka shiga sai muka tarar da almajirai sun taru a bakin ƙofa da littattafansu, sun bar bencina ba kowa. Muka tambaye su dalili. Wani dattijo ya ce, "Malam, a can ciki baƙaƙen ba su fitowa."

Muka duba tagogin. Ashe an liƙa musu baƙar leda irin wadda a ke sa wa gilashin mota. Mai gida ya yi haka ne don maganin zafi, don kuma kada masu wucewa su riƙa leƙen ɗaki. Nufinsa mai kyau ne, amma bai san yawan hasken da ya kora ba.

Yanzu ledan nan ta yawaita a kantuna da ofisoshi da sababbin gidaje, tun daga Yelwa har Wara da Shanga. Ya kamata mu san aikinta kafin mu kashe kuɗinmu a kanta.

Yadda ido ya ke gani

Mutanen da sun zaci haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu. Wani malami Balarabe, Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya nuna ba haka ba ne. Haske ne ke faɗa wa abu, ya dawo, ya shiga ido. Shi ya sa mai ido lafiyayye ba ya ganin komai a cikin duhu.

To, in mun buɗe littafi, haske ya kan faɗi bisa takarda. Farar takarda ta mayar da shi zuwa idonmu, baƙin tawada kuwa ya shanye nasa. Bambancin nan shi mu ke gani, mu ce wannan ba ne, wannan kuwa ta. In haske ya yi kaɗan sai bambancin ya ragu, baƙaƙe su cakuɗe. Haka abin ya ke ga mai ɗinki, da mai gyaran taru, da mai tsince tsakuwa daga shinkafa.

Ga wani abu kuma. Idon babba ya fi na yaro bukatar haske. Mai shekara 60 ya kan bukaci ninki biyu, ko fiye, na hasken da ya ishi saurayi ɗan shekara 20. Saboda haka in yaro ya ce ɗaki da haske, a tambayi tsoho tukuna.

Ina hasken ya ke tafiya?

In haske ya iso ga taga, ya kan rabu uku. Wani ya wuce ya shiga ɗaki. Wani ya koma baya, kamar yadda ya ke komawa daga madubi ko daga kan ruwa. Wani kuma abin da aka rufe tagar da shi ya shanye shi, ya zama zafi.

Mu ɗauka hasken da ya iso kifi 100 ne, abin da ke bakin taga kuwa taru ne. Taru mai manyan ido ya kan bar kifi da yawa su wuce. Mai ƙananan ido kuwa kaɗan ne ke tsira.

Taga a buɗe, ba komai a bakinta, duka 100 su wuce.

Farin gilashi mai tsabta, wajen 90 su wuce. Wajen 8 su koma baya, ɗan abin da ya rage gilashin ya shanye.

Wayar sauro, wajen kashi biyu cikin uku su wuce, gwargwadon girman idonta.

Ƙyauren katako ko na kwano, ko ɗaya ba ya wucewa.

Asabari da labule suna tsakani. In saƙarsu ta yi kauri su hana da yawa, in shara-shara ce su bar da yawa.

Lambar leda

Ita ledar gilashi roba ce marar kauri, ba ta fi silin gashi kauri ba. A kan rina ta, ko a shafa mata ƙarfe kaɗan-kaɗan, sa'an nan a sa mata danƙo a gefe ɗaya domin ta kama gilashi. A Amurka aka fara yin ta. A shekara ta 1966 kamfanin 3M ya sami takardar mallakar ledar tare rana, watau a lokacin da a ke cikin ginin madatsar ruwa ta Kainji.

Ko wace leda ta kirki tana da lamba a jikin kwalinta ko a takardarta. Lambar nan ita ke faɗin yawan hasken da zai wuce cikin 100. Waɗanda aka fi samu su ne 70, da 50, da 35, da 20, da 5.

A nan ne mutane su kan ruɗe. Wani ya kan zaci babbar lamba ita ce mai duhu. A'a, ƙaramar lamba ita ce mai duhu. Mai 70 ta bar 70 su shiga, ta hana 30. Mai 20 ta bar 20, ta hana 80. Mai 5 kuwa ta hana 95, ɗaki ya zama kamar cikin rumbu.

In an riɓa abu biyu, lissafin ninkawa a ke yi. Misali, an sa leda mai 50 bisa gilashin da tun asali mai duhu ne, shi ma mai 50. Na fari ya bar 50 su wuce. Na biyu ya bar rabin waɗannan 50 ɗin. Saura 25 ke nan. In kuma da wayar sauro a baya, ta ci kashi ɗaya cikin uku na 25, saura wajen 17. Ƙurar hunturu ta zauna bisa gilashi ta ci nata. Sa'an nan a saki labule. Kun ga yadda babbar taga ta kan zama ba ta da amfani.

Ido ba mudu ba ne

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A sha'anin haske kam ido bai san kima ba sosai. Ku dubi idon kyanwa. Da rana ƙwayar ta kan tsuke ta zama kamar zare, da dare ta buɗe ta yi faɗi. Namu ma haka ya ke yi. In mun shiga ɗaki daga rana, da fari ba mu ganin komai, jim kaɗan sai ido ya saba, mu ce ai da haske. Sabon nan shi ke ruɗinmu.

Saboda haka masana suka yi ma'aunin haske, suna kiran awonsa lakis. Ga kimarsa:

Tsakar rana a fili, ba gajimare, ya kan kai 100,000.

A inuwa, inda a ke ganin sararin sama, 10,000 zuwa 20,000.

Abin da karatu da rubutu su ke bukata, 300 zuwa 500.

Farin wata ran sha huɗu, bai kai 1 ba.

Ɗaki mai taga daidai ya kan sami wajen kashi 2 cikin 100 na hasken sararin waje. Mu ce a waje akwai 15,000. A tsakiyar ɗaki mai farin gilashi za a sami 300, watau daidai bukatar mai karatu. In aka liƙa leda mai 70, sai ya koma wajen 210. Mai 50, wajen 150. Mai 20 kuwa, bai kai 70 ba. Abin da ya kori almajiran nan zuwa bakin ƙofa ke nan.

Karatu cikin duhu-duhu ba ya makantar da mutum. Amma ya kan gajiyar da ido, ya kawo ciwon kai, mutum ya yi ta kuskure har ya zaci kansa ne ba ya ja. Sau da yawa laifin na ɗaki ne.

Haske dabam, zafi dabam

Mai saye ya kan ce, "A ba ni mai duhu ƙwarai, ita ce mai sanyi." Bari mu duba maganan nan.

A shekara ta 1800, a Ingila, wani masani mai suna William Herschel ya sa gilashi mai kusurwa uku a rana. Haske ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya ɗauki ma'aunin zafi ya riƙa gwada ko wane launi. Da ya gota ja, ya kai inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya ƙaru. Ta haka aka gane akwai wani kashi na rana wanda ido ba ya gani, sai dai jiki ya ji shi.

Yanzu an sani wajen rabin ƙarfin rana da ke iso mana wannan ɓoyayyen zafi ne. Wanda ido ke gani bai kai rabi ba. Akwai kuma wani ɗan kashi kaɗan, shi ma ɓoyayye, wanda ke koɗar da tufafi ya kuma kashe ƙwayoyin cuta.

To, baƙar leda mai araha rini ne kawai. Tana tare hasken da mu ke bukata, amma ɓoyayyen zafin nan da yawansa wucewa ya ke yi. Wanda ta tare ma shanye shi ta ke yi, gilashi ya yi zafi. Ku taɓa shi da azahar ku ji. Daga nan wani kashi na zafin ya koma waje, wani ya shigo ɗaki. Wani lokaci ma zafin ya kan tsaga gilashin. Bayan 'yan shekaru kuma rinin ya koɗe ya yi shuɗi-shuɗi, ledar ta yi bororo.

Akwai irin da aka shafa wa ƙarfe, mai ƙyalli kamar madubi. Ita mayar da rana baya ta ke yi, ta fi ta rini maganin zafi. Akwai kuma wata mai haske, wadda ke barin wajen 70 su wuce amma ta hana kusan rabin zafin rana. Wannan ta fi tsada. Saboda haka lamba biyu za a tambaya, ta haske da ta zafi. In mai sayarwa ba shi da takardar da ta nuna su, a yi hattara.

Inuwa daga waje

Kakanninmu sun riga mu sanin maganin rana. Su kan sa jinka ta sauko ta rufe bango, su kafa rumfa, su bar itace a ƙofar gida. Zafin da aka tare tun a waje bai taɓa gilashi ba, balle ya shiga ɗaki. Haske kuwa yana shigowa daga sararin sama ta ƙarƙashin rumfa.

A ƙasarmu rana ta kan bi ta saman kai. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ta ɗan karkata arewa, sauran watanni ta karkata kudu. Don haka taga ta arewa ko ta kudu ba ta da wuyar karewa, ɗan leɓen rufi ya ishe ta. Masu wahala su ne ta gabas da ta yamma, domin da hantsi da la'asar rana tana ƙasa-ƙasa, ta leƙo kai tsaye.

Mutanen Yelwa da Wara sun san wannan. Ruwa yana yamma da su. Da la'asar rana ta bugo taga, ƙyallin ruwa kuma ya taso ya haɗu da ita. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya kan kai digiri 40, tagar yamma ita ke mai da ɗaki tanda. In za a sa leda, wannan tagar ce ta fi cancanta. Ta arewa da ta kudu a bar su da farin gilashinsu.

Maganar sutura

Ko wane mai gida yana son iyalinsa su kasance cikin sutura. Wannan daidai ne. Amma mu san iyakar leda.

Ledar da ke hana gani tana aiki ne domin waje ya fi ciki haske. Na waje ya ga inuwarsa a gilashi, na ciki kuwa ya gan shi sarai. Da magariba ta yi, aka kunna fitila ko ƙwan sola, sai abin ya juya. Ciki ya fi waje haske. Mai wucewa ya ga ko wane motsi na cikin ɗaki, na ciki kuwa ba ya ganin kowa sai inuwarsa. Mutane da yawa ba su san haka ba, suna zaune sun saki jiki. Ku gwada yau da dare. A kunna fitila, ɗaya ya fita ya duba.

Saboda haka ko da leda, lalle a saki labule da dare. Wanda kuwa sutura kaɗai ya ke nema, yana da hanyoyin da ba su cin haske. Ya ɗaga taga sama, ta wuce kan mai tafiya. Ko ya sa gilashi mai hazo-hazo, irin wanda haske ke wucewa amma ba a gane abin da ke bayansa. Ko ya sa ɗan labule a rabin taga na ƙasa, ya bar na sama. Ko ya kafa zana nesa kaɗan da tagar.

Haske da lafiya

A Ingila an taɓa sa wa tagogi haraji, daga 1696 har 1851. Yawan tagoginka, yawan kuɗin da za ka biya. Masu gidaje suka yi ta toshe tagogi da tubali. Talakawa masu haya suka zauna cikin duhu, ba iska. Likitoci suka yi ta kuka saboda cututtuka, har aka soke harajin. Mu ba wanda ya sa mana haraji, kada mu toshe namu da kuɗinmu.

Tarin fuka ta iska ya ke yaɗuwa. In mai ciwon ya yi tari a rufaffen ɗaki, ƙwayoyin su kan daɗe suna yawo. Iska mai ratsa ɗaki tana fitar da su, hasken rana kai tsaye kuma yana kashe su. Amma ɗan kashin nan na rana da ke kashe su, gilashi yana tare mafi ƙarfinsa, leda kuwa ta tare kusan duka. Don haka hasken bayan gilashi bai isa ba. A buɗe taga ko wace safiya, a shanya shimfiɗa a rana.

Sauro kuma wurin duhu ya ke yini. Mu mazauna bakin ruwa mun san shi. Wayar sauro tana cin haske, amma kada a cire ta, rigakafi ya fi magani. Sai dai a ƙara girman taga, a kuma riƙa goge wayar da gilashin, musamman da hunturu.

Gidajen Kainji

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya ci gungunna da ƙauyuka da yawa. Aka ta da mutum wajen 44,000, har da Gungawa da Kambari da sauran mazauna bakin Kwara, aka gina musu sababbin gidaje na bulo da rufin asbesto. Da yawa sun yi kukan ɗakunan da zafi da rana, da sanyi da hunturu. Waɗansu suka gina ɗakunan ƙasa da ciyawa a gefe.

Wanda har yanzu ya ke da irin rufin nan, ga gargaɗi. Kada a yanka shi, ko a huda, ko a kankare, don neman haske ko don wani gyara. Ƙurarsa in ta shiga huhu tana kawo mugun ciwo, wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. In ɗaki ya yi duhu, a bango za a nemi haske, a kira magini ya duba inda taga za ta yiwu.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, mu auna taga. Ƙa'idar da magina su ke bi a ƙasashe da yawa ita ce, faɗin tagogi ya kai aƙalla kashi 1 cikin 10 na daɓen ɗaki. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 10, daɓensa 120 ne. Ushirinsa 12. Watau taga mai ƙafa 4 sau 3. In aka liƙa mata leda mai 20, hasken da za ta bayar bai wuce na buɗaɗɗiyar kafa mai ƙafa ɗaya da rabi ko wane gefe ba. An biya kuɗin babbar taga, an sami hasken ƙarama.

Na biyu, mu shafe bango da farar ƙasa. Farin bango yana mayar da fiye da kashi 70 na hasken da ya faɗa masa, ya watsa shi ko'ina. Bango mai duhu shanyewa ya ke yi. Wannan ita ce hanya mafi araha.

Na uku, mu fara da inuwar waje: rumfa, leɓen rufi, asabari da a ke ratayawa ta waje, da itace a yamma da ɗaki.

Na huɗu, in lalle sai an sa leda, a ɗakin karatu ko ɗinki ko shan magani a nemi mai 70, kada a sauka ƙasa da 50. Mai 20 da mai 5 a bar wa ɗakin ajiya.

Na biyar, gani ya kori ji. A karɓo ƙyalle na ledar, a manna a taga da ruwa, a jira la'asar sakaliya. A ba tsohon gida littafi ya zauna a lungun da ya fi nisa da taga. In ya karanta ba wahala, to. In ya matso bakin ƙofa, a mayar wa mai kanti abinsa. Mai babbar waya kuma yana iya sa mata ma'aunin haske, ya gwada da leda, ya gwada babu, ya kwatanta.

Shi mai gidan da muka faɗa da fari, da aka yi masa bayani sai ya sa aka ɓare ledar tagar kudu, aka bar ta yamma, aka kuma kafa mata rumfar zana. Aka shafe bango da farar ƙasa. Da muka koma bayan sati biyu, muka tarar da dattijon nan zaune a bencin baya yana rubuta sunansa.

Tambayoyi

1. In haske ya iso ga taga, gida nawa ya ke rabuwa?
2. Tsakanin leda mai 70 da mai 20, wacce ta fi duhu?
3. An sa leda mai 50 bisa gilashi mai 80. Nawa za su wuce cikin 100?
4. Me ya sa ledar da ke hana gani da rana ba ta hanawa da dare?
5. Auna ɗakinka da ƙafa. Rubuta faɗin daɓensa da na tagoginsa, ka kawo aji gobe.